Ƙafar Sauro Ba Ta Ɗaukar Kayan Jaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, dan Allah a ɗan sam min fili in yi magana da 'yan uwana masu ɗaukar hoto da bidiyo, musamman ƙannenmu da ke ta shigowa sana'ar nan a Zariya, daga Samaru zuwa Sabon Gari har cikin birni. Maganar tiraifod ce, sandar nan mai ƙafa uku da ake kafa kyamara a kai. Na san wani zai ce duk matsalolin ƙasar nan ka rasa abin rubutawa sai ƙarfe mai ƙafa uku, toh wanda ya taɓa jin ƙarar lensinsa a ƙasa shi ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ya sa na rubuto, yaran da suka koyi aiki a wajena duk tambaya ɗaya suke turo min a WhatsApp, wai oga muna son tiraifod mara nauyi da zai shiga jakar goyo a hau acaba da shi, ya ɗauki babbar kyamara da dogon lensi, kuma kar ya yi tsada. Sai su haɗo da hoton wani siriri da suka gani a intanet an rubuta yana ɗaukar kilo 10 ko 15, su ce kaga ai kayanmu ko kilo 3 ba su kai ba. Ni ma haka na yi lissafi lokacin da na sayi nawa na farko kuma na ji a jikina.

Kyamarata Canon 5D Mark IV ce ta hannu, da batir gram 890 take, lensin 70-200 f/2.8 kuma kusan kilo ɗaya da rabi, gaba ɗaya dai kilo 2.4, in ka ɗora filasha a ce uku. Na sayi wani mai araha wajen wani mai sayarwa a intanet, ba zan kama suna ba, kwalin ya ce kilo 8, na ce shikenan har da rara. Ranar farko na hau Dutsen Kufena da yamma lokacin hunturu ina son in ɗauko gari daga sama rana na faɗuwa, na saita na ɗaure kan tiraifod ɗin, wato inda kyamara ke zama, tam, ina sakin hannu sai naga hancin lensin yana sauka a hankali kamar mai gyangyaɗi a wajen wa'azi. Na ƙara murɗawa har yatsuna suka yi ja, a banza. Wanda na samu na ɗauka kuwa a bayan kyamara kamar ya yi kyau, da na buɗe a kwamfuta duk ya yi dishi-dishi saboda iska tana kaɗa ƙafafun. Bayan wata biyu a wajen wani kamu wata yarinya ta wuce gyalenta ya ɗan ja ƙafa ɗaya, makullin roban ya saki, ƙafar ta shige ciki, Allah dai ya sa igiyar kyamarar tana hannuna amma bakin lensin sai da ya daki tayil, filtar gaba ta tarwatse, kuɗin gyaran zoben bakin lensin ya fi kuɗin tiraifod ɗin. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa, laifina ne.

Abin da na gane daga baya shi ne wannan lambar kilo da suke rubutawa ba wata hukuma da ke auna ta, kowane kamfani da irin mudunsa. Wani yana nufin nauyin da za ka ɗora a tsaye cak abin bai karye ba. Mu kuwa ba karyewa ce damuwarmu ba, rawa ce. Dogon lensi nauyinsa gaba yake, kamar ka riƙe bokitin ruwa ka miƙe hannu, ruwan bai ƙaru ba amma kafaɗarka za ta gaya maka. Sannan duk yadda lensi ke jawo abu kusa haka yake jawo girgiza, motsin da ba za ka gani ba a gajeren lensi na 24mm, a dogo na 200mm sai ya ɓata hoto, balle masu lensin Sigma 150-600 da shi kaɗai ya kusa kilo biyu. Shi ya sa nake ce wa yarana ku raba lambar kwali gida uku, in kashi ɗaya ya kai nauyin kayanku toh a fara magana.

Kuma wallahi ƙafa za ku duba kafin komai. Na tafiye-tafiye ana yin su gaɓa huɗu ko biyar don su naɗe su gajarce, kowace gaɓa tana shiga cikin 'yar uwarta, kenan ta ƙasa dole ta fi kowace siranta, a mai gaɓa biyar wani lokaci ba ta fi kaurin biro ba kuma a kanta duk dukiyarka take tsaye. Ga kaya irin namu ni ban yarda da wanda kaurin gaɓar ƙafarsa ta sama bai kai milimita 25 ba, in an samu 28 ya fi, gaɓa huɗu ta ishe ka. In mai sayarwa bai rubuta kaurin ƙafa ba ka tambaye shi, in ya fara kame-kame ka wuce. Sai sandar tsakiya da ake zarowa sama don ƙara tsawo, nan ma akwai wayo, tsawon da suke rubutawa galibi da ita a zare ne, kuma da ka zare ta ka mayar da ƙafa uku ƙafa ɗaya, kamar ka kafa duwatsun murhu uku sannan ka ɗora tukunya a kan muciya. Ka nemi tsawonsa ba tare da ita ba, in ya kai ƙirjinka ya yi, kan tiraifod ɗin da kyamarar za su cike sauran, ɗan sunkuyo bai taɓa kashe kowa ba.

Maganar kabon faiba da alminiyam, wato abubuwan da ake ƙera ƙafafun da su, kuwa ana zuzuta ta fiye da kima. Gaskiya ne kabon ya fi sauƙin ɗauka kuma ya fi saurin shanye girgiza, baya zafi a rana kamar alminiyam da a watan Afrilu in ka bar shi a fili sai ka sa ƙyalle ka ɗauka. Amma ga misali, kamfanin Peak Design na Amurka ya fitar da tiraifod ɗinsa na tafiya a 2019, na alminiyam kilo 1.56 a kan dala 350, na kabon kilo 1.27 a kan dala 600. Dala 250 kenan don ka rage abin da bai kai nauyin ledar fiyawota ɗaya ba. Ga Bature mai hawa duwatsu kwana uku da kaya a baya wannan ciniki ne, ga ni da zan hau mota a Kwangila in sauka Kano ko Kaduna ban ga dalili ba, balle tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, duk abin da ake sa wa farashi da dala ya zama sai dai kallo. Ga wani abu kuma, alminiyam in ya faɗi lanƙwasa yake ko ya loɓa, sau da yawa a lallaɓa a ci gaba da aiki, kabon in ya tsage ya tafi kenan, ba mai walda ko maƙerin da zai taimake ka. Kabon mai arahar banza kuma ni tsoronsa nake, don in sun kashe kuɗi a bututu toh a makullai da kai suka rage.

Kan shi ne inda aka fi cutar mutane. Yawancin masu araha ƙafafunsu da ɗan dama-dama, kan ne ƙwallon da ke cikinsa mai juya kyamara kamar na wasan yara, shi ne mai gyangyaɗin nan da na faɗa. Abin daɗin shi ne yawanci kai yana cirewa, notin da ke haɗa shi da ƙafafu kusan duk duniya ɗaya ne, 3/8 na inci, na gindin kyamara kuma 1/4, saboda haka za ka iya sayen ƙafafu yau, in Allah ya hore bayan bikin Sallah ka sayi kai mai kyau ka ɗaura. Wanda kansa a manne yake baya fita kar ka saya ko kyauta-kyauta ne. Ka nemi ƙwallo mai kauri, wajen milimita 36 zuwa 40, da faranti, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa kyamara da kan, irin na Arca-Swiss don shi kamfanoni da yawa ke bi, in ya ɓace a wajen biki, kuma zai ɓace, za ka samu wani, ba kamar farantin da sai na kamfaninsa kaɗai ba. Masu bidiyo ku kuma kai mai ƙwallo ba naku ba ne, mai hannu za ku nema wanda ke juyawa sumul, kuma ku haƙura da zancen rashin nauyi don shi dama da nauyinsa.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi amma sai inga yara ba sa yi. Manyan lensuna suna zuwa da zobe mai 'yar ƙafa a tsakiyarsu, a nan ake ɗaure faranti ba a gindin kyamara ba, da ka yi haka nauyin ya dawo tsakiya rabin gyangyaɗin ya tafi, bakin kyamarar ma ya huta. In ba ka buƙatar duk tsawon, fara zaro gaɓoɓi masu kauri ka bar siraran a ciki. Ƙafa ɗaya ta kalli inda lensi ke kallo. Sa taimar sakan biyu ka cire hannunka. Ƙugiyar da ke ƙasan sandar tsakiya ta rataya jaka ce don ƙara nauyi, amma a iskar hunturu in jakar tana lilo ta ƙara ɓata lamari, ka sassauta igiyar ta ɗan taɓa ƙasa.

Toh me za a saya? Ni ra'ayina, kuma na san wasu abokan sana'a za su ja, gara ɗan kwatano na kamfanin kirki da sabo fil mara asali. Tsohon tiraifod na kamfanin Manfrotto samfurin 190 ko 055 na alminiyam ba na tafiya ba ne, ya haura kilo biyu, amma ka kafa shi ka je ka yi sallah ka dawo yana nan inda ka bar shi. In lallai sai mai shiga jaka, akwai Befree na Manfrotto ɗin da ke wajen kilo ɗaya da rabi yana naɗewa zuwa santimita 40, akwai kuma na kamfanonin Sin irin su Benro da Sirui da Leofoto da suka yi suna, a cikinsu ma ka tsallake mafi ƙanƙanta ka ɗauki na gaba da shi. Tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu nan ne gaskiya take ga mai kaya masu nauyi, duk abin da ya gaza kilo ɗaya na waya ne da ƙananan kyamarori ko me aka rubuta a kwali. Ana samun na hannu a shafin saye da sayarwa na Jiji da guruf-guruf na masu hoto, sai dai zuwa da kai ya fi aike, ka je da kyamararka da lensinka mafi nauyi, ka ɗora, ka kunna allon baya ka zuƙo hoton sau goma sannan ka ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa ka ga yaushe rawar za ta tsaya, in ka ƙirga uku tana yi ka ba shi kayansa. Ka danna shi ƙasa da ƙarfi ka ga ko wata gaɓa za ta zame, ka kama sama ka murɗa hagu da dama ka ji ko yana wasa. Makulli mai murɗawa da mai ɓallewa kowanne da masoyansa, ni dai na lura ƙurar Zariya ba ta bar ko ɗaya ba, bayan hunturu sai an kwance an goge, kuma dan Allah kar a ɗura masa baƙin mai, ƙasa yake kamawa.

Gajartarsa in an naɗe ma abin dubawa ne ba don jaka kaɗai ba, wanda ya taɓa ratayo doguwar baƙar jaka a kafaɗa ya iso shingen jami'an tsaro da daddare ya san irin kallon da ake masa kafin ya zuge zif.

Sai abu na ƙarshe, ranar Hawan Sallah ko Hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau ni ba na ma ɗaukar tiraifod. Cikin wannan turmutsutsu, dogarai na kora mutane baya, 'yan bindiga na harbi, dawakai na zuwa jahi a guje, ina za ka baza ƙafa uku, ko wani ya yi tuntuɓe da ita ko kai ka kasa kaucewa. Mai ƙafa ɗaya, monofod, shi ne na wannan rana, ya ɗauke maka nauyin lensi daga safe har la'asar, in doki ya nufo ka ka ɗaga abinka ka matsa, kuma kuɗinsa bai kai na tiraifod ba. Da yawa cikin yaran da ke tambayata da na zauna da su na ji irin aikin da suke yi sai naga shi suke buƙata tun farko, ɗaya daga cikinsu ma nawa ya ara tun Ƙaramar Sallah, in yana karanta jaridar nan dan Allah ya dawo min da shi kafin Babba.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto,
Tudun Wada, Zariya