Sagewar yatsu ba kullum sanyi ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin abokan aikinmu na ƙananan asibitocin karkara a kan matan da ke zuwa da kukan yatsu sun sage, a ce musu sanyi ne, a ba su maganin ciwon jiki su tafi. Da dama masu daka ne, ko matsar ƙuli, ko tatsar nono.

Tambayar farko ita ce, wane yatsa? Jijiyar ji ta tsakiyar hannu ke riƙe da babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe. Ƙaramin yatsa da sauran rabin na wata jijiyar ce, mai bi ta bayan gwiwar hannu.

Idan a wuyan hannu ta tsakiyar ta matsu, inda take ratsa ƙunci ɗaya da agara 9, cikin dare mace za ta farka tana yarfe hannu, amma tudun tafi na gindin babban yatsa yana ji, domin reshen jijiyar da ke kai masa ji ya rabu tun kafin ƙuncin. In tudun ma ya sage, a duba sama, ƙasan gwiwar hannu, tsakanin kawuna biyu na tsokar da ke kifa tafi.

A nan ake tuntuɓe, domin kuwa Allah bai yi hannun kowa iri ɗaya ba. Wasu suna da ƙarin siririyar tsoka, wadda wani masanin sassan jiki mai suna Gantzer ya bayyana a 1813, tana iya danne reshen jijiyar da ke lanƙwasa kan babban yatsa da manuniya. Wannan ba sagewa, sai rashin ƙarfi. A ce ta haɗa yatsun biyu su yi zobe. In suka manne a miƙe, allura ma ta gagare ta ɗauka, reshen ne. Kaɗan kuma suna da ɗan tsinin ƙashi kamar santimita 5 sama da gwiwar hannu ta ciki, jijiyar na bi ƙarƙashin zaren da ya taso daga gare shi. Hoton ƙashi yana nuna tsinin. Mai irin wannan ko an yi mata aiki a wuyan hannu, ciwon na nan. Ƙaho da tsaga kuwa ba sa kaiwa wurin, sai tabo.

A gwada suga, a tambayi juna biyu, a duba fata ko akwai tabon kuturta. In matsin a wuyan hannu yake, a ɗaure shi a miƙe da dare kamar mako 6, a rage riƙon taɓarya. Tudun tafi ya fara zaizayewa kuwa, kada a jira, a tura ta Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Ringim, Jihar Jigawa