Wasiƙa ga Aminina Kan Finafinan da Ka Turo

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin ƙasar taku? Mu a nan alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, hidimomi ne suka yi yawa.

Tsofaffin finafinan Amurka da ka turo mini, masu hoto baƙi da fari, mun kalli biyu ni da mai ɗakina bayan yara sun yi barci. Ka ce na dariya ne. Mun yi dariya kam, amma har yau akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Na farko shi ne His Girl Friday na 1940. Cary Grant ne editan jarida, Rosalind Russell kuma tsohuwar matarsa, wadda duk gidan jaridar babu mai farautar labari kamarta. Ta zo yi masa sallama, za ta auri wani mai sayar da inshora ta zauna a gida. Shi kuwa ya yi ta shirya mata gadar zare har ta koma bakin aiki. Magana suke kamar ana zuba tsakuwa a kwano, wannan bai rufe baki ba wancan ya ɗauka. Ka san a wasan kwaikwayon da aka ciro labarin, na 1928, ɗan jaridar namiji ne? Darakta Howard Hawks ne ya mayar da shi mace. A ƙarshe sun koma aurensu, amma ka lura da fitarsu: ita ke ɗauke da akwatinta, shi yana gaba yana lissafin labarin da za su je nema.

Na biyun ne ya taɓa ni sosai, wato Woman of the Year na 1942, fim na farko da ya haɗa Katharine Hepburn da Spencer Tracy. Ita shahararriyar marubuciya ce kan siyasar duniya, mai jin harsuna da yawa, shi kuma mai rubuta labarin wasanni. Tana da laifinta, ba zan ɓoye ba. Ta ɗauko yaro ɗan gudun hijira daga Girka ba tare da shawarar mijinta ba, sannan daren da za a karrama ta ta shirya fita ta bar yaron a gida. Amma ƙarshen fim ɗin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Aka shigar da ita kicin da asuba don ta faranta wa miji rai, kofi yana tafasa yana zuba, ƙullu yana kumbura yana malala, ita ta rasa inda za ta sa hannu. Asali ba haka aka rubuta ƙarshen ba, daga baya aka sauya shi, ita kanta Hepburn ba ta so sauyin ba. Mace mai wannan ilimi, sai an kunyata ta a gaban murhu kafin ’yan kallo su huce?

A daidai wurin nan na waiga na ga mai ɗakina ba ta dariya. Ta ajiye kofin shayinta, ta yi tagumi.

Abin da ban faɗa maka ba, wata biyu ke nan da aka yi mata tayin ƙarin girma a asibitin da take aiki, za ta shugabanci ma’aikatan jinya na ɓangaren haihuwa. Aikin dare zai ƙaru. Ban hana ba, amma ban ce ta karɓa ba, kuma ta gane ma’anar shiruna. Hajiya tana ganin yara sun yi ƙanana, ni ma ina da wannan fargabar. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana jiran wannan matsayi.

Washegari da safe na ce mata ta karɓa, kai yara makaranta da ɗauko su ya dawo wuyana. Ranar Litinin za ta fara. Saura in je in lallashi Hajiya, ka taya ni da addu’a.

Adam’s Rib na 1949, na lauyoyin nan mata da miji da suka kara a kotu, ya ƙi buɗewa a wayata. Don Allah ka sake turowa, mai ɗakina ce ma ta fi matsa mini a kansa.

Ka gaida uwargida da yara. Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka