A gina wajen wasan da keken 'yata zai iya shiga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun ƙaramar Sallah.

Ranar yawon Sallah na kai 'ya'yana uku wani wajen wasan yara a nan Kano. Ta tsakiyar shekararta 8, a keken guragu take, domin shawarar da ta kama ta tana jaririya ta taɓa mata ƙwaƙwalwa, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Hankalinta ras, surutu kuwa ta fi kowa a gidan. Mun biya kuɗin shiga kamar kowa. Tun daga ƙofa muka ci karo da matakala uku, sai da wasu samari suka ciccibi keken, Allah ya saka musu da alheri. Muna shiga tayoyin suka nutse a yashi. A gindin katanga ta yini tana kallon yayanta da ƙanwarta a kan lilo. A hanyar komawa ta ce mini, "Umma, gobe ki bar ni a gida wajen Hajiya." Har yau maganar nan ba ta bar kunnena ba.

Ba na zargin masu wajen da mugunta. Da suka zauna tsara filin, yaro mai gudu da ƙafa biyu kaɗai suka hango. Shi ya sa nake son masu gina irin waɗannan wurare su fara tunani daga ƙasa, kafin su kai ga kayan wasa. Yashi da tsakuwa suna riƙe tayar keke, suna kuma kayar da mai sanduna. A zuba hanyar siminti mai faɗi daga ƙofa har gindin kowane abin wasa. Inda akwai tudu a yi gangara, amma ta gaskiya: ƙa'idar da magina suka sani ita ce duk tashin taku 1 a ba shi tsawon taku 12. Wato dakali mai tsayin santimita 30 yana buƙatar gangara ta mita 3 da santimita 60. Gangara da yawa da nake gani a gari an yi su ne don fita kunya, ko babban mutum ba zai tura keke a kansu ba sai da nishi.

Sai lilo. 'Yata ba ta iya riƙe kanta a kan katako zalla, amma in da majingina da ɗamara za ta yi lilo har ta gaji. Akwai kuma lilo mai faɗi kamar babban faifai, wanda yara biyu ko uku ke hawa tare, wani a kwance wani a zaune. Shi na fi so, domin a kansa ba a gane wane ne mai lalura. Abin nan mai juyawa ma ana iya yin sa daidai da ƙasa, keke ya hau kai tsaye.

Kuma ba masu keke ne kaɗai ba. Makaho yana buƙatar ɗan dakali a gefen hanya da sandarsa za ta bi, da abin da ke ƙara: ganga, ƙararrawa, ƙwallo mai kacau-kacau a ciki. Yaro mai lalurar otizim, wadda ke sa magana da cuɗanya da mutane su yi wa yaro wuya, hayaniya na rikita shi, yana son lungu mai shiru da zai huce, da shinge mai ƙofa ɗaya don kada ya fice titi uwarsa ba ta ankara ba. Inuwa kuwa wajibi ce. Rana tana yi wa fatar zabiya illa har ta kai ga ciwon daji, zafi da ƙishirwa suna tayar wa mai sikila ciwo. Ƙarfen zamiya a watan Afrilu yakan yi zafin da zai ƙona fata, kuma yaron da ƙafafunsa ba sa jin taɓi ba zai sani ba sai an ga tabo. Darbejiya biyar da rumfa ɗaya sun isa su magance wannan. A kuma faɗaɗa ƙofar banɗaki.

Abin da ba na so shi ne a keɓe musu wani ɓangare can gefe a ce na masu buƙata ta musamman ne. 'Yata da ƙanwarta take son wasa. A gida tare suke carafke a tsakar gida, kuma ita ke cinyewa.

Za a ce babu kuɗi. To, a garin nan akwai waɗanda shan inna ya nakasa, suka kafa ƙungiya suna walda, suna ƙera kekunan guragu da hannunsu. Wanda ya iya ƙera keke mai taya uku lilo mai majingina ba zai gagare shi ba, kuma ya fi kowa sanin inda ƙarfe ke gurje jiki. A ƙasar nan aka ƙirƙiro ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu a kan katako mai tayoyi. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba.

Doka ma tana nan. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. An kuma kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. Sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ya ambaci wasa a cikin haƙƙoƙin kowane yaro.

Roƙona ga masu ba da izinin gini shi ne kada su sa hannu a taswirar wajen wasa ko filin makarantar firamare sai sun ga hanyar keke a ciki. Masu wuraren da aka riga aka gina kuma su gayyaci iyaye irina da yaranmu, mu zagaya tare, su ga inda taya ke maƙalewa. Kai kuma, ya Edita, don Allah ka tura wakilinka kafin babbar Sallah ya ƙirga mana wuraren wasa nawa ne a birnin nan keke zai shiga daga ƙofa har lilo ba tare da an ɗaga shi ba. In aka samu ko da ɗaya ne, a sanar da mu, can zan kai ta.

Wassalam.

Wata uwa, daga Kano