Godiya ga shagon gyaran kwamfutar da bai ce sai an yi fomatin ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan takarda zuwa ga mai wani shagon gyaran kwamfuta ne da ke kusa da babbar kasuwar Birnin Kebbi, da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa, musamman saurayin nan na teburin ciki wanda kowa ke kira Injiniya. Mai shagon ya roƙe ni kada in sa suna, na kuwa bi maganarsa. Waɗanda suka san layin za su gane wurin.

Ni ke riƙe da lissafin wata ƙaramar ƙungiyar manoman shinkafa. Tun ƙarshen 2015 da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi, aikin sakatare ya tashi daga biro da babban littafi ya koma kwamfuta, domin duk takardar da za a kai banki sai an buga ta. Sunan manomi, girman gonarsa a fadama, buhun taki nawa ya karɓa, nawa ya mayar bayan girbi, duk suna cikin Excel a wata laftof HP da na saya ta hannu. Ita ce kuma kwamfutar gida. Da rana tawa ce, da dare ta 'yata mai karatu a kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, ranar Asabar kuwa ƙannenta ke kanta da kallo da wasanni.

Da aka shiga shirin noman rani na bana sai ta gaza. Ka danna maɓalli, ka je ka yi alwala, ka dawo ka tarar ɗan zoben nan yana ta juyawa. Ka buɗe Excel, allon ya yi fari ya tsaya cak. Fanka na ihu, ƙasanta ya yi zafin da ba ka iya aza ta a cinya. Ga manoma a zaure, wasu daga Ambursa wasu daga Kalgo, sun yi sammako don a duba musu lissafi, ni kuwa ina ta ba su haƙuri. Wani dattijo ya ce, "Malam sakatare, da ka ɗauko mana tsohon littafin nan, shi ba ya jiran caji." Aka yi dariya. Ni dai ban yi ba, don na san abin da ke cikin kwamfutar nan babu shi a littafin.

Kafin in zo wurinku sai da na leƙa wasu shaguna, maganarsu duk ɗaya: "Alhaji, sai an yi fomatin." A wani wurin ko kunna ta ba a yi ba. Na tambayi ɗaya, to fayilolina fa? Ya ce za a duba, idonsa na kan wayarsa. Wani ya ce ta tsufa, ya nuna min wata a kan kanta, wai in yi ciko mu yi musaya. Ina da maƙwabci da ya taɓa yarda aka yi wa tasa fomatin, hotunan bikin 'yarsa suka tafi gaba ɗaya, da ya koma ya yi magana aka ce masa ai bai faɗa ba. Ba na musun cewa akwai lokacin da fomatin ne kaɗai mafita. Amma shi ne aikin da ya fi sauƙi ga mai gyara: ya share komai, ya zuba Windows sabo, ya karɓi kuɗinsa. Asarar kuwa ta mai kaya ce.

Injiniya da ya karɓe ta, bai kunna ba sai da ya tambaye ni, "Baba, mi ke ciki wanda ba ka son ya ɓace?" Na yi shiru, don babu wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Da na gaya masa, ya aiki ƙaramin yaron shagon ya sayo filash sabo, ya kwafe foldar ƙungiya da ta karatun 'yata a ciki, ya buɗe fayilolin a wata kwamfuta na gani da idona sun shiga, sannan ya miƙo min ya ce in sa a aljihu. Bayan nan ya jawo min kujera kusa da shi, ya ce in zauna in ga ciwon da kaina.

Ya danna maɓallai uku a tare, Ctrl da Shift da Esc, sai wani shafi ya fito mai suna Task Manager. Ban buɗe komai ba tukuna, amma faifan ajiya yana nuna yana aiki ɗari bisa ɗari, ram ɗin kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, wanda gigabait 4 ne kacal, ya kusa cika. Ya kai ni inda aka jera manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta. Ga ta sauke bidiyo, ga ta tura kaya daga waya, ga ta wasa, ga wata mai iƙirarin share datti alhali talla take cika allo da shi. Ga kuma manhajar kashe bairos har biyu, ɗaya ma wa'adinta ya ƙare. Ya ce duk fayil ɗin da na taɓa sai kowaccensu ta tsaya ta bincike shi, har ma su riƙa binciken juna, alhali Windows 10 da nasa mai tsaron yake zuwa, wato Defender, kuma ya wadatar ga irin aikina.

Abin da ya fi shiga raina shi ne bai goge ko abu ɗaya ba sai ya tambaya. Da ya iso kan wata manhaja da ban san ta ba, bai ce tunda Baba bai sani ba a cire. Ya ce in kira 'yata. Ya karɓi wayar ya gaishe ta da ladabi, "Malama, wannan taki ce ko ta yara?" Ashe da ita take lissafin aikin bincikenta na makaranta. Da a waɗancan shagunan ne da yanzu ana neman ta.

Faifan gigabait 500 ne, layinsa ya yi ja don cika. Fim guda an sauke shi sau da yawa, ga bidiyoyin WhatsApp jibge, ga kwandon shara cike da abin da aka goge amma yana nan yana cin wuri. Ya bi da Disk Cleanup ya kwashe fayilolin wucin gadi da ragowar tsofaffin sabuntawa. Ya bayyana min cewa idan ram ya cika, Windows kan ari wuri a faifai ya riƙa ajiye abin da ya yi yawa, to idan faifan ma a cike yake sai komai ya cushe. A Chrome ya cire wasu ƙananan manhajoji da suka maƙale suna jawo talla suna cin data. Ya kuma samo bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar ka da gajeriyar hanya kawai, wanda filash kan kwaso a shagunan buga takardu.

Sai ya kashe ta, ya cire batir, ya kwance bayanta. Tsakanin fanka da ƴan siraran ƙarafunan da iska ke bi ta fita, ya sa hantsaki ya zaro ƙura dunƙule guda, ja-ja, ta daskare, har da zaren bargo da gashi a jikinta. Hunturu nawa ne a wurin nan, Allah kaɗai ya sani. Ya tokare fankar da tsinken sakace kafin ya busa iska, wai kada ta juya fiye da ƙarfinta ta lalace. Man da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai miƙa zafi zuwa bututun jan ƙarfe, ya bushe ya tsattsage. Ya goge shi tas, ya ɗiga sabo, ya ce, "Gwargwadon ƙwayar shinkafa, Baba, kun fi ni sanin awon." Ya ce ƙwaƙwalwar idan ta ji zafi ya yi mata yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A garin da zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, kwamfutar da hanyar iskarta ta toshe dole ta ja ƙafa ko babu bairos ko ɗaya a cikinta. Ya hana a aza ta kan katifa ko darduma, don ta ƙasa take shaƙar iska.

Da ya harhaɗa ya kunna, kafin in gama mayar da tabarau ta tashi.

Bai kuma yi min daɗin baki ba. Ya ce sharar nan tana da iyaka, domin faifan nawa irin mai juyawa ne, sau 5400 a minti, kuma SSD, wato faifan zamani marar juyawa, ya ninka shi gudu nesa ba kusa ba. Idan aka sa shi aka kai ram gigabait 8, za ta ƙara shekaru tana aiki. Yana da su a kanta, ina ganinsu, amma ya ce ba dole yau ba, in bari a sayar da shinkafa. Ya kuma gaya min Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma ƙwaƙwalwar tawa ta girmi waɗanda Windows 11 ke karɓa a ƙa'ida, don haka in riƙa ajiye kwafin lissafi a waje, in yi hattara da abin da ake saukewa. Ya rubuta min abin da zan riƙa yi duk wata a bayan rasit. Kuɗin da aka karɓa bai kai abin da aka yanka min na fomatin ba.

Abin baƙin ciki, wannan da ya kamata a ce shi ne aiki na yau da kullum, shi ya zama abin rubuta takarda. Ka kai injin ban ruwa gyara a tsakiyar rani, a cire maka kaya mai kyau a sa tsoho, sai ka isa fadama ka gane. Ka kai waya don allo ya fashe, ta dawo lasifika ba ta aiki, a rantse haka ka kawo ta. Ka tambayi mai gyara me ya same ta, ya ce "matsalar inji ce," magana ta ƙare, wai kada ka koya ka daina zuwa. Ofisoshi ma ba a magana, takarda ɗaya sai ka ji "dawo gobe" har taki ya yi tsada. Yara kuma na shekara a shago suna koyon sana'a, su fito abin da suka iya bai wuce fomatin da zuba waƙoƙi ba, don abin da suka ga maigida na yi ke nan.

Don haka roƙona ga mai shago shi ne ka riƙe yaron nan da kyau, ka kuma bar ƙananan su riƙa tsayawa a bayansa idan yana aiki, ba aiken sayen ruwa da kati kaɗai ba. Ka kuma ƙara benci a rumfar waje, don masu jira suna tsayuwa a rana. Bayan girbi in sha Allahu zan kawo ta a sa mata SSD ɗin, kuma zan so shi da kansa ya sa.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a kasuwa, ya jiƙan magabata.

Naku,
Sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa,
Birnin Kebbi.