Takardar inshora ba ta riƙe rufin ɗaki

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Daga birnin Manchesta na ƙasar Ingila nake rubuto maka, inda na shekara 16 ina neman halalina. Na ga kuna ba al'amuran mazauna ƙetare fili, shi ya sa na kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanenmu sun fara sayen gidaje a nan, alhamdulillahi, amma akwai wani rami da nake ganin muna faɗawa ɗaya bayan ɗaya, ni kaina saura ƙiris ya rufta da ni a 2024.

Gidan da muka gani irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da ke jere manne da juna. Abin da ya ɗauki hankalinmu kicin ɗinsa ne. Wani da ya taɓa mallakar gidan ya fasa bangon baya ya ƙara gini wajen mita uku zuwa cikin tsakar gida, kicin ya zama falo guda. Duk wanda ya san ƙuncin gidajen Ingila ya san abin da wannan ke nufi ga mai iyali, musamman mu da ba ma rabuwa da baƙi da manyan tukwane. Muka taya, aka sallama, muka ɗauki lauya. Bayan makonni sai lauyar ta kira ni ta ce ƙarin ginin ba shi da takardar shaidar kammalawa daga ƙaramar hukuma, binciken da ta yi a kundinsu bai nuna an taɓa kai musu maganarsa ba, kuma mai gidan ya rubuta a fom ɗin TA6, takardar bayanan gida da masu sayarwa kan cike, cewa haka ya sayi gidan, an dai gaya masa a 1999 aka yi aikin.

A nan ne yawancinmu ke rikicewa, domin izini iri biyu ne a Ingila. Na farko na tsara gari ne, shi ke duba girman abin da za ka gina da yadda zai shafi maƙwabta. Ƙaramin ƙari mai hawa ɗaya a bayan gida, in bai wuce mita uku ba a gidan jere ko mita huɗu a gidan da ke tsaye shi kaɗai, galibi ba ya buƙatar wannan izinin. Na biyu kuwa ƙa'idojin ingancin gini ne, a ƙarƙashin Dokar Gine-gine ta 1984: zurfin fandisho, ƙarfin ƙarfen da ya ɗauki bango, kariya daga gobara, magudanar ruwa, shigar iska, abin tare sanyi. Wannan kam kicin ba ya tsallake shi. Jami'i yakan zo ya leƙa rami kafin a zuba kankare, ya ga ƙarfe kafin a rufe shi da filasta, in an gama ya ba da takarda. To idan dillali ya ce maka wannan gini ba ya buƙatar izini, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa game da na farko, ya yi shiru game da na biyu. A Kano in an ce izinin gini, ofishin KNUPDA kaɗai ke zuwa mana a rai, da wannan tunanin muke zuwa nan, mu ji kalmar izini sau ɗaya mu ɗauka magana ta ƙare.

Dillalin namu ya ce kada in damu. Gini ya shekara 25 a tsaye, in zai faɗi da tuni ya faɗi, kuma mai gida zai biya mini inshorar kariya, biya ɗaya ne tak, banki zai amince, sai a wuce gaba. Wallahi zuciyata ta kwanta da maganarsa. Haya ta ishe ni, ina son yarana su samu wurin da za su kira nasu.

Maman Zainab ce ta ƙi. A zuwanmu na biyu ta tsaya ƙarƙashin inda aka fasa bangon, ta nuna mini wani siririn tsagu da ya taso daga kusurwa ya haura silin, an shafe shi da sabon fenti amma bai ɓoyu ba. Ta ce, "Baban Zainab, a nan zan wuni, a nan yaran nan za su riƙa cin abinci, ɗakin kwanansu kuma yana sama. Wace takarda ce za ta riƙe wannan?" Ban da amsa. Ranar Juma'a na kai maganar gaban wani dattijonmu da ya riga mu zuwa ƙasar nan, ya ce, "Ɗana, ka karanta inshorar da idonka, ka ga abin da ta yi alkawari."

Na karanta, layi bayan layi. Abin da ta ɗauka shi ne asarar da za ka yi idan hukuma ta taso ta ce ka rushe ko ka gyara. Shi ke nan. Ba ta biyan ko kwabo idan ƙarfe ya lanƙwashe, ko fandisho ya zauna, ko rufi ya fara yoyo, ko wayarin ya kama wuta. Kuma haɗarin da take karewa shi ne mafi ƙanƙanta a tsohon gini. A da, wata 12 kacal hukuma ke da shi bayan kammala aiki ta ba da sanarwar a rushe ko a gyara. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci rayuka 72, aka yi Dokar Tsaron Gine-gine ta 2022, wadda ta mai da wa'adin shekara 10 daga 1 ga Oktoba 2023. Ginin 1999 ya wuce duka biyun. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta je kotu ta nemi umarni, wannan ba shi da wa'adi, amma ba kasafai ake yi ba. Kenan ana miƙa maka laima don ruwan da da wuya ya sauko, alhali ba wanda ya duba maka ƙasan da kake takawa.

Akwai wani abu da na so a ce an gaya mini tun farko, kuma shi ne babban dalilin wannan wasiƙa. Da zarar kai ko mai sayarwa ya tuntuɓi ƙaramar hukuma game da ginin, ko da kiran waya ne na tambaya da adireshin gidan, ƙofar inshorar ta rufe, kamfanoni ba za su bayar ba, wadda aka riga aka saya ma tana iya lalacewa. Mu kuwa ɗabi'armu ce in abu ya shige mana duhu mu ɗaga waya mu tambayi hukuma, don ba ma son abin da zai taɓa mana takardun zama. Don haka a bi abin daki-daki. Injiniya ne farko, shi tuntuɓarsa ba ta ɓata komai. Sai an ji abin da ya gani sannan a zauna da lauya a zaɓi hanya.

Kada kuma a ruɗu da mutumin da banki ke turowa. Mu ta bankin Musulunci muka bi, irin tsarin da ku da banki kuke tarayya a gidan kana sayen kasonsu a hankali. Mai ƙiyasinsu bai yi rabin awa a gidan ba, aikinsa ya gaya wa banki ko gidan ya kai kuɗinsa. Ni na ɗauko mai duba gini mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu duba gini, ya yi mini dubawa mai zurfi, wadda suke kira mataki na 3, shi kuma ya ce a kira injiniya ya ga wurin da aka fasa. Da yardar mai gida aka ɓare filasta kamar faɗin tafin hannu biyu. Ƙarfen da aka gitta ya ɗauki bangon sama girmansa ya isa, amma bakinsa ɗaya a kan tsohon bulo mai laushi aka ɗora shi, ba a sa masa matashin kankare da zai raba nauyi ba, kuma abin da ya hau bangon bai kai yadda ya kamata ba. Bulon ya fara marmashewa. Tsagun da matata ta gani daga nan ya fito. Injiniyan bai ce gidan zai faɗi gobe ba, cewa ya yi shi dai ba zai kwantar da 'ya'yansa a ɗakin saman ba sai an gyara.

Sai muka zaɓi hanya ta biyu. Doka ta ba da dama a nemi takardar halatta tsohon aiki daga ƙaramar hukuma, muddin an fara aikin daga 11 ga Nuwamba 1985 zuwa yau. Ana auna shi ne da ƙa'idojin lokacin da aka yi shi, ba na yanzu ba, kuma jami'i yana da ikon cewa a buɗe masa duk inda yake son gani. Na ce wa lauyata mai gida ne zai nema, shi zai biya, kafin a yi musayar kwantiragi. Wannan gaɓar tana da muhimmanci, domin a Ingila kafin musaya kowa na iya janyewa, bayan ta kuwa ka ɗaure kanka, ga kafin alƙalami da yawanci yake kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gida. Dokarsu ta ciniki kuma a kan mai saye ta ɗora nauyin bincike, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mai gidan ya fara da fushi, ya ce zai mai da gidan kasuwa. Na ce Allah ya ba shi mai saye, amma duk wanda ya zo lauyansa zai yi tambayar da tawa ta yi, ga shi yanzu shi ma ya san halin da ƙarfen ke ciki. Bayan kwana tara ya sauko. Aka haƙa rami a gefen ginin jami'i ya ga fandisho, ya wadatar. Aka tokare silin da sandunan ƙarfe, magini ya sake gina wurin da bakin ƙarfen ke zaune, aka lulluɓe shi da allon da ke jure wuta, aka sa fankar fitar da tururi. Ba zan ɓoye ba, abin ya ci wata huɗu. Na biya hayar da ban shirya mata ba, na roƙi banki ya tsawaita mini tayinsa, akwai daren da na kasa barci ina tunanin ko na yi wa iyalina asarar gida a kan tsagun da bai kai kaurin zare ba.

Ban ce inshorar ba ta da amfani ba. Idan injiniya ya duba ya ce gini lafiya lau yake, takarda kaɗai ce babu, to ita ce hanya mafi sauƙi, kuma tana bin gidan zuwa ga wanda zai saya daga hannunka. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum ita a madadin dubawa. Wani ƙanina a zumunci, ma'aikacin jinya, haka ya karɓa a shekarar da na saya. Damina ta farko, in ana iya kiran ruwan Manchesta damina tunda ba ya ɗaukewa, wari ya cika masa kicin. Da aka ɗaga tayil sai ga murfin ramin magudanar ƙazanta, an yi gini a kansa an binne. A gidajen jere bututun yakan bi ta bayan gidaje ne, daidai inda ake ƙara kicin, kuma tun 1 ga Oktoba 2011 yawancin bututun da maƙwabta ke tarayya a kansu sun koma hannun kamfanonin ruwa, waɗanda ke da haƙƙin isa gare su. Ya kira masu inshora suka ce ba hurumin su ba ne, kuma gaskiyarsu, haka takardar ta ce. Daga aljihunsa ya yi gyaran, matarsa da jariri suka yi mako uku a gidanmu.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, ku nemo lauyan cinikin gidaje da injiniyan gini daga cikin 'yan uwanmu da ke Birtaniya, muna da su, su yi wa jama'a wannan bayani da Hausa, su haɗa da maganar ɗakunan da ake yi a cikin rufi da tagogi da wayarin, don su ma kowanne da tasa takardar. A tuna kuma abin da na faɗa na Ingila ne, Sikotlan tsarinta daban. Ko a watan jiya wata baiwar Allah ta tare ni a ƙofar masallaci da takardun gida a hannu, lauya ya ba ta mako guda ta sa hannu, ita kuwa ba ta san bambancin izinin nan biyu ba. Na ba ta lambar injiniyan da ya duba mana, na kuma roƙe ta kada ta kira hukuma sai ya je ya gani.

Wassalam.

Naku,
Baban Zainab,
Manchesta, Ingila.