Baƙonku ya raina littafin famfo, ni kuwa na ga ranarsa

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan amsar da baƙonku ya bayar a shirin makon jiya, lokacin da mai gabatarwa ya tambaye shi batun rubuta tarihin gyaran famfon jan ruwa. Dariya ya yi, ya ce wannan aikin 'yan ofis ne, wai ƙwararren bakanike da kunne yake gane ciwon inji. Raina ya ɓaci matuƙa, kuma abin da ya ƙara ɓata shi shi ne yadda mai gabatarwar bai ja da shi ba ko kaɗan, sai ya wuce zuwa wata tambayar.

Shekarata 14 ina kula da famfunan ruwa a wurin da ƙura ba ta kwanciya, zafi ba ya sassautawa, ruwan da muke ja kuma cike yake da yashi. Wanda na gada a aikin gwani ne, irin masu kunnen da baƙonku yake yabo, amma da ya tashi tafiya sai ya tafi da duk abin da ya sani a cikin kansa, bai bar mini ko takarda ɗaya ba. Da lokacin sa wa boris giris ya yi, wato ƙarfen da sandar famfo take juyawa a cikinsa, na ɗauko wanda na tarar a sito na ɗura, ban san cewa ba irinsa ne a ciki ba. Akwai giris iri-iri da ba sa jituwa, idan suka haɗu sai su tsinke su tsiyaye ko kuma su daskare, su bar ƙarfe yana gogar ƙarfe. Kafin wata ya zagayo boris ya yi zafi ya kama, ya ci sandar da farfelar da ke tura ruwa take kai. Kwana tara muka yi babu ruwa, ni ne kuma na sha zagi, alhali layi ɗaya a littafi da ya ishe ni.

Ina so a tambayar mini baƙon nan, wane kunne ne yake jin famfon da aka zura mita 60 a cikin rijiyar burtsatse? Ko wanda yake a sarari ma, kunne ba ya jin komai sai ɓarna ta riga ta yi nisa. Yashi yana cin farfela ne a hankali, ba ƙara ba motsi, sai dai allurar agogon matsin ruwa ta riƙa sauka kaɗan-kaɗan, yadda wanda ya kalle ta yau kawai zai rantse lafiya lau take. Sai ka jera abin da ka rubuta na wata uku a gabanka sannan za ka ga gangarar. A littafina na koyi cewa idan matsin ruwa da wutar da motar lantarkin famfon ke ja suka yi ƙasa tare, galibi farfela ce take cinyewa, idan kuwa wutar ta hau alhali ruwan bai ƙaru ba, to in je in duba boris ko wani abu da ya maƙale. Da haka na sha tsayar da famfo a ranar da na zaɓa, kayan gyara suna hannuna, maimakon ya tsaya da kansa da tsakar dare.

Haka batun lokacin gyara yake. Masu ƙera ƙananan injinan fetur da yawa, irin waɗanda ke juya famfo, suna cewa a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk awa 100, sannan su ƙara da cewa a wuri mai ƙura a riƙa duba matatar iska fiye da yadda aka saba. To, sau nawa ke nan? Babu mai gaya maka sai abin da ka rubuta game da wurinka, kuma wanda ba ya rubuta awannin aiki bai ma san ranar da ɗarin ta cika ba. Masu aikin lantarki sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 a kan abin da aka ƙera mota ta ɗauka yana rage kusan rabin kwanan rufin wayoyinta, ga shi kuma ƙurar da ke toshe hanyar iskar mota ita ce take tara wannan zafi. Ko zurfin ruwan rijiya nakan auna in rubuta da rani, domin famfon da ya juya babu ruwa na 'yan mintoci kaɗan yana iya ƙona sil ɗinsa, wato abin da ke hana ruwa yoyo ta jikin sanda, tunda ruwan ne yake sanyaya shi. Duk wannan rubutu ba ya cin mini minti biyar a rana.

Abin da ya fi damuna shi ne yara masu koyon aiki da suke saurarenku, waɗanda dama ƙyuyar rubutu suke yi. Washegarin shirin, ɗaya daga cikin yarana ya maimaita mini maganar baƙon nan kalma da kalma da na tambaye shi dalilin da ya bar shafin ranar babu komai. Ina roƙon ku dawo da batun, ku gayyato wanda ya taɓa gadon famfo babu tarihi ya yi bayani.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin magana, domin sau biyu aka ambaci lambobi a shirin, ko ɗaya ban ji ba.

Naku mai saurare a kullum.