Dariyar da aka yi mana a shirin daren Lahadi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina sauraron tasharku ban taɓa ɗaukar alƙalami ba, amma dariyar da mai gabatar da shirinku na daren Lahadi ya yi, lokacin da baƙonsa ya ce masu zuwa taron Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Jeniba 'yan yawon buɗe ido ne masu farautar kuɗin guzuri, har yau tana yi mini amo a kunne. Baƙo yana da damar faɗin ra'ayinsa komai ɗacinsa. Wanda ya ci mana fuska shi ne ma'aikacinku, da ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ai kowa ya san haka, ya zarce zuwa tambaya ta gaba ba tare da ya nemi hujja ko guda ba.

Ina cikin waɗanda aka yi wa dariyar. Shekara shida ke nan da wasu masu kaki suka zo da tsakar dare, suka tafi da ƙanena a mota marar lamba, kuma daga ranar babu ofishin da ya amsa cewa yana hannunsa, babu kotun da aka kai shi, babu gawar da aka ba mu. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta yarda an taɓa ko takalminsa da ke bakin ƙofar ɗakinsa ba. Wannan ne ya kai ni Jeniba. Wata ƙungiya mai izinin magana a zauren ce ta biya mini kuɗin jirgi ta kuma ba ni lokacinta, na kwana ɗaki ɗaya da mutum huɗu da ban taɓa gani ba, na dawo aljihuna ya fi yadda na tafi sauƙi.

Lokacin da ta ba ni kuwa minti ɗaya da rabi ne. Dare uku na yi ina rage kalmomi ina gwadawa da agogon wayata, har sai da na cire jimlar da ta ambaci mahaifiyarmu, domin da ita rubutun ba ya shiga. Da aka kira ni, na danna maɓallin lasifika, hannuna yana rawa har takardar tana kaɗawa, idona ɗaya a kan rubutu ɗaya a kan agogon da ke ƙirga mini lokaci a bango. Na faɗi sunan ƙanena da ranar da aka ɗauke shi a gaban wakilan gwamnatoci, tafintoci suna juya maganata zuwa harsuna daban-daban. Wakilin ƙasata bai ɗago kai daga wayarsa ba, amma na ga na kusa da shi yana rubutawa. Ina so mai gabatar da shirinku ya gaya mini inda abin dariya yake a nan.

Ba na yaudarar kaina game da wannan majalisa. An kafa ta a 2006, ƙasashe 47 ne ke zama a cikinta, kuma a cikinsu akwai waɗanda hannunsu ya yi dumu-dumu da irin laifin da ake kai ƙara a kansa. Ba ta da 'yan sanda, ba ta da kurkuku, ba ta kama kowa. Da baƙonku wannan ya faɗa, da na jinjina masa. Sai dai akwai rukunin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya mai bin sawun waɗanda hukumomi suka ɓatar, wanda ke aiki tun 1980, yana karɓar ƙorafin iyalai ya miƙa wa gwamnati a rubuce, kuma ba ya rufe fayil sai an san makomar mutumin. Mu da muka shekara shida ana ce mana ba a san da zancen ba, mun san darajar a ce yau sunan ɗan'uwanmu yana cikin takardar da gwamnati ta karɓa.

A wajen zauren na haɗu da wata dattijuwa 'yar Ajantina, muka zanta ta bakin tafinta. Ta buɗe jakarta ta nuna mini farin ɗankwali a ninke, gefensa ya soma zarewa, na mahaifiyarta ne, wadda ke cikin iyayen da suka riƙa zagaya dandalin Plaza de Mayo duk ranar Alhamis tun 1977 suna tambayar inda 'ya'yansu suke. Gwamnatin soja ta lokacin mahaukata ta kira su. Shugaban wannan gwamnati, Janar Videla, an yanke masa ɗaurin rai da rai a 1985, aka yi masa afuwa, aka sake ɗaure shi a 2010, kuma a gidan yari ya mutu a 2013. Da dattijuwar ta ji shekara shida kawai na yi ina nema, sai ta riƙe hannuna ta yi shiru. Irin wannan matar ma'aikacinku ya haɗa ya yi wa dariya.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da cewa layin wayar da kuke sanarwa a shirin ba ya shiga. Sau goma sha ɗaya na kira a daren, kuma ba ranar aka fara ba, alhali kullum muryoyin mutum uku zuwa huɗu ɗin nan muke ji ana gaisawa da su kamar 'yan gida.

Ba na neman a kori kowa daga aiki. Ina neman mai gabatarwar ya janye dariyarsa a cikin shirin da ya yi ta, a kuma gayyato ɗaya daga cikin iyalan da suka je taron, a ba shi ko da rabin lokacin da aka bai wa baƙonku. Idan ba a samu kowa ba, ni zan zo, kuma zan zo da takardar da na karanta a zauren, har da jimlar da na cire.

Wassalam,
Mai sauraronku da ransa ya ɓaci.